Baftismar da Ba a Ƙarasa Ba

Litinin, kashegarin Ista, da hantsi

Ban hura wuta ba. Baban Lombe yana zaune a bakin gado tun jiya, sanye da farar rigar da ya shiga ruwa da ita. A jikinsa ta bushe. Na ce ya cire kada sanyi ya kama shi, ya dube ni kamar da wani yare na yi masa magana. Tun kafin mu haifi Lombe yake fasto a ƙauyen nan, ban taɓa ganin bakinsa ya rasa abin faɗa ba. Ko akuya ce ta mutu, yana da kalmar da zai ba mai ita.

Maza sun sauka kogi da kwalekwale tun da sassafe. Daga ƙofar ɗaki ina jin su suna kira. Chisanga! Chisanga! Kamar wanda ya yi nisa a gona ake kiransa ya zo ya ci abinci.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Duk gari yana wurin.

Litinin, da yamma

Sun dawo. Ba komai.

Talata, rana tsaka

'Yan sanda sun zo daga Kasama. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin mangwaro. Dattijo Mwenya, babban dattijon ikkilisiyarmu, shi ya yi kusan duk maganar. Ya ce a daidai wurin nan na kogi muke yin baftisma kowace Ista, cewa an yi ruwan sama a kan tudu ba mu sani ba, cewa an riga an yi wa mutum bakwai lafiya lau kafin a zo kan Chisanga. Duk gaskiya ne.

Baban Lombe ya fito da na roƙe shi. I da a'a kawai yake cewa. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya dubi hannunsa ya ce, "Fasto, wannan karcen fa?"

Ya ce, "Ruwan yana da ƙarfi."

Suka rubuta, suka sha ruwa, suka tafi.

Na samu ya cire rigar. Na wanke ta, na rasa inda zan shanya ta da mutane ba za su gani ba. Tana cikin bokiti.

Na tuƙa nshima, tuwon masararmu, da miyar ganyen kabewa. Bai ci ba.

Laraba, da yamma

Yau ranar aji ce. Na tafi, don ban san abin da zan yi da ranar Laraba ba in ba wannan ba.

Ni nake koyar da ajin baftisma a ƙarƙashin wani itace a bayan majami'a. A wurinmu ba a sallamar mutum don ya fito daga ruwa. Baban Lombe kullum yana cewa ruwa mafari ne, aikin yana gaba, sai mutum ya koyi bin Yesu a gidansa da gonarsa da bakinsa. Saboda haka waɗanda aka yi wa baftisma suna ci gaba da zuwa har bayan girbi. Yau mutum uku suka zo. Cikin bakwai ɗin nan, Chewe kaɗai na gani. Sai Katongo mai sayar da tumatir, wadda take bayan Chisanga a layi ranar, da wata tsohuwa da nake jin kallona ta zo yi.

Babu wanda ya zauna a ƙarshen benci. Nan Chisanga yake zama, ya miƙe ƙafafu, hannunsa duk baƙin mai saboda gyaran keke.

Da ya fara zuwa bara, don ya yi mana dariya ya zo. Duk ƙauyen nan babu mashayi mai ƙarar murya kamarsa. Ya zauna yana warin giya ya ce, "Malama, an ce kuna wanke mutane a nan. Tawa dauɗar ta yi kauri fa. Ki ce wa Fasto ya zo da sabulu da dutsen goge ƙafa." Na kusa korarsa. Sai ya dawo Larabar da ta biyo, da ta bayanta. Wata rana na lura ba ya wari.

Yana tsoron ruwa, bai ɓoye ba. Mako biyu kafin Ista ya tare Baban Lombe a gaban kowa ya ce, "Fasto, ni ko a baho nake wanka sai na dafa bango. Ka riƙe ni da kyau, ka ji? Uwata ba ta da wani mai kyau irina."

Baban Lombe ya yi dariya ya ce, "Chisanga, ban taɓa sakin kowa ba."

Ban koyar da komai ba yau. Mun zauna, muka tashi.

Alhamis, da hantsi

Maman Chisanga ta zo.

Ba ta zuwa majami'ar kowa. Munkoyo, abin sha na masara da saiwa, take dafawa tana sayarwa, da wanda ya fi munkoyo ƙarfi, kowa ya sani. Na ba ta kujera, ta ƙi. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na san yadda zan yi da ita.

Ta ce, "'Yata, ke kika koyar da shi."

Na ce, "Ni ce, Mama."

"Ya dame ni da zancenku. Ina tace munkoyo yana bina da wa'azi, har na ce in bai yi shiru ba zan kife masa tukunya a kai. Ya ce mini sunaye uku ake kira a kan mutum, sannan ya zama na ciki. Haka ne?"

"Haka ne."

"An kira masa duka ukun?"

Na ce mawaƙa suna waƙa a lokacin, ga ganga, ga ƙarar ruwa, ban ji ba. Wannan ma gaskiya ne.

Ta ce, "To kira mini wanda ya kira."

Na shiga ɗaki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ce, "Baban Lombe, uwarsa ce. Tambaya ɗaya take da ita." Bai motsa ba. Na tsaya har na ji kunya, na fito na ce barci yake.

Ta dubi tagar ɗakin ta ce, "Ashe yana iya barci." Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. "Zan dawo."

Juma'a, da safe

Ruwan sama kuma. Maza ba su fita ba.

Lahadi, bayan sujada

Dattijo Mwenya ya yi wa'azi. Ban san a kan me ba. Rabin bencina babu kowa. Matan zumunta sun gaishe ni duka, da hannu biyu, da durƙusawa, sannan suka zauna suka bar fili tsakanina da su wanda mutum biyu za su shiga.

Sai da muka tashi na lura Baba Kalaba ba ya nan. Makaho ne, gidansa yana can bayan gonakin rogo. Chisanga ne yake ɗauko shi a keke kowace Lahadi, tun kafin damina. Babu wanda ya sa shi. Suna shigowa yana cewa, "Ku ba da hanya, ga babban baƙo da direbansa." Yau tsohon yana can ya yi wanka ya sa kwat ɗinsa yana jira, na tabbata. Babu wanda ya tuna. Ni ma ban tuna ba.

Baban Lombe bai ci ba. Ya sha ruwan shayi.

Talata, da yamma

Na je kasuwa sayen kapenta, ƙananan busassun kifi. Da ban je ba.

Mai kifin ta ɗaga wani ɗanyen kifi ta ce, "Maman Lombe, ga sabo, daga ƙasan kogi aka kamo shi yau. Ko ku a gidanku ba ku cin na ƙasan kogi yanzu?" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce mata ta ji tsoron Allah. Na ɗauki kwandona na juya. A bayana na ji wani yana cewa kogi ba ya karɓar abin da ba a yi masa alkawari ba.

Ashe abin da ake faɗa ke nan. Wai an yi wa kogi alkawarin Chisanga.

Mutanen nan mijina ya ɗaura musu aure, ya binne iyayensu, ya kwana a asibiti da 'ya'yansu.

Laraba, da yamma

Katongo kaɗai.

Na tambaye ta Chewe. Ta sunkuyar da kai ta ce matarsa ta kai shi wurin boka, an yi masa wanka da saiwoyi don a cire masa kogin daga jiki. Ta ce ba shi kaɗai ba, huɗu daga cikinsu sun je. Sun ce ruwan da ya ci mutum ya taɓa su, gara a wanke.

A wanke baftisma. Na yi dariya, dariyar ba ta yi daɗin ji ba, Katongo ta tsorata.

Can ta ce, "Malama, ni yanzu mece ce? Na shiga ruwa har gwiwa. Na amsa duk tambayoyin da Fasto ya yi mana a bakin kogi. Na ce na bar tsohuwar hanya. Sai ban nutse ba. Ina ciki ko ina waje?"

Na ce za a sake sa rana.

"A ina?"



Ta ce, "Waɗanda suka nutse suka fito suna wurin boka. Wanda ya fi mu duka bai fito ba. Ni ban shiga ba, ga ni a nan. Ki fassara mini, Malama, kaina ya kulle."

Shekara nawa ina ba da amsa a ƙarƙashin itacen nan. Na ce mu yi addu'a. Ita ta yi, ni na rufe ido kawai.

Alhamis, da hantsi

Maman Chisanga ta dawo. Ta zauna a inda ta zauna wancan makon. Ba ta ko tambaya ba, ta dube ni, na girgiza kai. Ta zauna har rana ta take, ta tafi.

Asabar, rana tsaka

Na dawo daga ɗiban ruwa ban sami Baban Lombe ba. Takalmansa suna nan. Na jefar da bokiti na bi hanyar kogi da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina yarinya.

Yana tsaye a kan dutsen da mawaƙa suka tsaya. Ruwan ya ja baya, ya yi laushi, har ana ganin yashin ƙasa. Yau ko yaro zai tsaya a wurin. Na tsaya a bayansa ina haki. Ban kira shi ba. Da ya juyo ya gan ni bai yi mamaki ba, ya wuce ni ya kama hanyar gida, na bi shi.

Lombe ta kira daga Kitwe. Ta ce, "Mama, ku taho nan ke da Baba, ku bar musu ƙauyensu." Na ce babanta yana samun sauƙi. Ta ce, "Ba shi wayar." Na ce ya fita.

Lahadi, da yamma

Na je na ɗauko Baba Kalaba da ƙafa, yana riƙe da kafaɗata. Mun iso ana waƙar rufewa. A hanya ya ce, "Direbana ya yi mini laifi, ya tafi bai sallame ni ba." 

Litinin, da yamma

Dattawa sun yi zama a tsakar gidanmu. Ina madafa, ina jin komai.

Magana ɗaya ce: in an sami Chisanga, yaya za a binne shi? In an yi masa baftisma, ɗan ikkilisiya ne, za a shigo da shi majami'a, a rufe akwatin da farin ƙyalle, a kai shi maƙabartarmu. In ba a ƙarasa ba, mawaƙa za su je gida su yi waƙa, danginsa su binne shi a nasu wurin.

Dattijo Mwenya ya ce, "Fasto, ba mai tuhumarka. Kalma ɗaya muke so. Ka ƙarasa ko ba ka ƙarasa ba?"

Shiru.

Ban san lokacin da na fito ba, da muciya a hannuna. Na ce, "Ku gafarce ni, iyayena. Mutumin nan ya bar giya, ku kun gani. Ya je ya durƙusa wa ƙanensa da ya taɓa karya wa hannu. Ya ɗauki makaho a keke wata da watanni. A cikinmu wa ya yi bi irin nasa? Sai don kalma ɗaya?"

Dattijo Mwenya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maman Lombe, ba a kira ki ba. Kuma ba ni na kafa dokar ba. In na buɗe ƙofa yau, gobe kowa ya kawo mini gawarsa ya ce ai mutumin kirki ne."

Wani ya ce, "Koma ki duba tukunyarki, tana ƙuna."

Tana ƙuna kuwa.

Sun tashi ba su yanke komai ba.

Talata, da safe

Ina shafa wa Baban Lombe man zafi a hannu. Karcen ya fara warkewa, layi huɗu a wannan hannu, huɗu a wancan. Sai ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Ke kina kusa."

Na ce, "Kowa yana kusa."

"Ke kin fi kowa. Ke ce da tawul. Kin gani, ko?"

Na ce kaji sun shiga gonar maƙwabta, na fita.

Babu kajin da suka shiga ko'ina.

Laraba

Katongo. Mun tsince gyaɗa tare. Ba mu buɗe komai ba.

Alhamis

Maman Chisanga ta zo. Ta zauna. Ta tafi.

Juma'a, da hantsi

Ina ƙoƙarin yin addu'a. Nakan fara, sai in tarar ina tunanin ko gishiri ya ƙare. Ba fushi nake da Allah ba. Da fushi ne, da akwai magana tsakaninmu.

Baban Lombe bai ci ba. Wandonsa yana zamewa, ya ɗaure da igiya.

Lahadi, rana tsaka

Masunta sun sami Chisanga, can ƙasa sosai, a cikin ciyawar bakin ruwa kusa da wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Da farar rigar suka gane shi. Mu muka ɗinka rigunan, mu matan zumunta. Tasa ni na yi mata kalmasa, don ya ce ta yi masa tsawo kamar ta amarya.

Gobe za a binne. Ba za a buɗe akwatin ba. Dattawa sun aika cewa tunda Fasto bai ba da shaida ba, mawaƙa za su je gida.

Litinin, da yamma

Zan rubuta wannan, ko da shi ne na ƙarshe.

A maƙabartar danginsu aka yi, bayan gonar ayaba. Mutane sun cika, har waɗanda suka daina gaishe ni. Mawaƙa sun yi waƙa biyu a sanyaye. An sauke akwatin. Sai na ji mutane suna matsawa, na juya na ga Baban Lombe. Ban san ya biyo ni ba. Ya sa baƙin kwat ɗinsa, ya yi masa yawa kamar na aro.

Maman Chisanga ta ɗaga hannu, masu shebur suka tsaya. Ashe ta zo da ƙwarya cike da ruwa, ta ajiye a gefen ƙafarta. Ta ɗauka ta nufo shi a hankali kada ya zube.

Ta ce, "Ka fito."

Ya ce, "Na fito, Mama."

"Sunaye nawa ka kira?"

Muryarsa ta dushe don rashin magana. Ya ce, "Na kira Uba. Na kira Ɗa. Sai yashi ya gudu daga ƙarƙashin ƙafata."

"Saura ɗaya."

"Saura ɗaya."

Ta miƙa masa ƙwaryar. "To ƙarasa. Ga shi nan a kwance, ba zai motsa ba yanzu."

Dattijo Mwenya ya matso ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba a yi wa matacce baftisma."

Ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "Mwenya, na san ka tun kana yawo ba wando. Ba da kai nake ba."

Baban Lombe ya karɓi ƙwaryar. Ruwan yana ta zuba a kan takalmansa. Ya je bakin ramin. Na ce a raina, faɗa kawai, suna ɗaya ne, faɗa mu tafi gida. Ya buɗe baki. Sai ya juyo wurin tsohuwar.

Ya ce, "Mama, ba da wannan hannu ba. Ba ruwa ne ya ƙwace shi ba. Ya riƙe ni da hannu biyu, ya riƙe da kyau. Ruwa yana jan mu tare. Ni na ɓamɓare yatsunsa. Ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓare su. Yana kallona."

 Sai ƙanen Chisanga ya yi ihu ya zabura, maza suka rirriƙe shi. Wata mata ta fara kururuwa. Wasu suka dube ni, na san abin da suke tambaya da idonsu, na dubi ƙasa.

Tsohuwar ta karɓe ƙwaryarta daga hannunsa. Ta duba ciki, ɗan ruwan da ya rage bai kai cikin tafin hannu ba. Na ɗauka za ta watsa masa a fuska, ko ta zuba a ramin da kanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye ta a ƙasa ta ce wa masu shebur, "Ku rufe."

Mun dawo gida ta bayan gari. Da muka shiga ya ce yana jin yunwa. Na ba shi rogo, ya ci loma biyu, ya fita bayan ɗaki ya amayar.

Talata

An jefi rufinmu da dutse da rana tsaka. Ban fita na duba ba.

Alhamis, da hantsi

Ba ta zo ba. Na yi ta duba wurin da take zama.

Asabar, da yamma

Dattijo Mwenya ya zo shi kaɗai. Bai zauna ba. Ya ce shugabanni a Kasama sun ji, sun ce Fasto ya huta, za a turo wani bayan girbi, gidan kuma na ikkilisiya ne. Ya ce 'yan sanda ma za su iya sake nemansa, kada mu yi nisa da ba za a same mu ba. Sai ya rage murya ya ce, "Maman Lombe, da ya yi shiru. Wa ya tambaye shi wannan? Mutum yana nutsewa, wa ya san abin da hannunsa yake yi? Ni kaina ban san abin da nawa zai yi ba. Da ya ce ya ƙarasa, da yanzu yaron yana maƙabartarmu, shi kuma yana kan bagadi."

Na ce, "Da kuma ƙarya ce."

Ya ce, "To ga gaskiya nan, ku ci."

Ban ji haushinsa ba. Idonsa ya yi ja shi ma.

Laraba, da yamma

Ban je bayan majami'a ba. Katongo ce ta zo gida, ta same ni ina ɗaure tukwane. Ta taya ni. Da muka gama ta ce za ta koma wurin yayarta a Mpika, kasuwar tumatir ta fi a can.

Na ce akwai majami'armu a Mpika, in ta je ta gaya wa faston ta gama aji, zai yi mata baftisma. A can ma a cikin kwatami suke yi, ba kogi.

Ta ce, "Ba yanzu ba, Malama."

"Kin daina ba da gaskiya?"

"Ban daina ba. Ban dai san wa zan bi ba."

Na ce, "Ai ba mu za ki bi ba, Katongo. Sau nawa na gaya muku? Ba Fasto ba, ba ni ba, Yesu za ku bi."

Ta ce, "Kin gaya mana. Amma shi ba na ganinsa. Ku nake gani."

Ta bar mini tumatir a kan turmi. Na raka ta har hanya.

Juma'a, da hantsi, a cikin mota

Rubutun zai karkace, hanya ba kyau.

Motar gawayi ce ta yarda ta ɗauke mu zuwa Kasama, daga nan mu nemi ta Kitwe. Babu wanda ya zo sallama. Wasu sun tsaya daga nesa suna kallo ana loda katifa da kujeru.

An gama lodi, Baban Lombe ya hau baya ya zauna a kan buhu, sai na hango Maman Chisanga tana tahowa da sandarta. Direba ya riga ya tayar da mota, na ce ya dakata. 

Ta zo har jikin motar. Ta ciro ƙullin gasasshiyar gyaɗa daga zaninta ta sa mini a hannu ta ce, "Naki ne, 'yata. Ɗana ya ce kina da haƙuri da wawaye."

Sannan ta ɗaga kai ta dube shi. Ya yi ƙoƙarin saukowa, ta ce, "Zauna inda kake." Ta daɗe tana kallonsa, daga fuska har igiyar wandon.

"An ce ba ka cin abinci."

Ya sa hannu ya rufe igiyar.

"An ce kana zuwa bakin kogi kana tsayawa."

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ka saurare ni da kyau. Ban yafe maka ba. Na gwada, abin bai zo ba. Wataƙila baɗi, wataƙila ba zai zo ba har in mutu. Amma ɗana ya ce a wurinku ana yafewa, ya cika mini kunne da shi, kuma shi kaɗai ne abin da ya bar mini in yi. Saboda haka kada ka kuskura ka mutu kafin in iya. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji, Mama."

Ta buga jikin motar da sandarta ta ce wa direba, "Kai, me kake jira? Kwashe su."

Mun wuce gonakin rogo yanzu. Yana zaune ya riƙe gefen mota da hannu biyu.  Kitwe da nisa.